Gansakukar da ke kan ledar dashe: abin da take yi wa iri da abin da ake ɗora mata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan wani abu da masu renon dashen itatuwa da kayan lambu ke gani kowace damina. Daga Yuli zuwa Satumba, idan rana ta yi ƙaranci kuma ruwa ya zauna, sai wani kore-kore ya rufe saman ƙasar da ke cikin leda ko fangali, irin da aka zuba ya ƙi fitowa, wanda ya fito kuma ya tsaya cak. Bayanin da aka fi ji a bakin ma'aikata shi ne gansakuka ta sa wa ƙasar guba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin an tabbatar cewa wasu nau'o'in gansakuka suna fitar da sinadarai masu hana iri tsirowa. Amma a yawancin ledojin da ake asara, ba gubar ce ke kashe irin ba, kuma wanda bai rarrabe ba zai yi ta kankare kore yana barin ainihin cutar.

Da farko kalmar kanta tana ruɗa mu. Abu uku ne Bahaushe ke kira gansakuka. Akwai koren nan mai santsi da ke kan ruwan kududdufi da gindin randa, wanda ba shi da ganye ko kara. Akwai mai kwanciya fale-fale a kan ƙasa kamar an manna yankan ganye, wadda masana ke kira Marchantia, mai wasu ƙananan kofuna a bayanta da ɗigon ruwa ke faɗawa ya watsa 'ya'yanta zuwa ledar da ke kusa. Sai ta uku, wadda ita muke nufi a nan: mai laushi kamar darduma, da ake gani a jikin tsohuwar katanga ta ɓangaren inuwa, da gindin mangwaro, da duwatsun Jos da Mambila. Idan ka tsinko ta ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga ɗan kara da ganyaye jere, kaurin ganyen yawanci ƙwayar halitta ɗaya tak, da wani siririn tsinke mai ɗan ƙoƙo a kai inda take ajiye ƙurar da take yaɗuwa da ita. Irin wannan ta kai nau'i dubu 12 a duniya. Ba ta da saiwa ta gaskiya, sai wasu zarurruka da take riƙe ƙasa da su. Da jikinta take shan ruwa, kuma ta jikin nan ne abin da ke cikinta ke fita. Duk lokacin da ta bushe ruwa ya sake jiƙa ta, mintocin farko ƙwayoyin jikinta suna yoyo kafin su gyaru, sai ruwan ya wanke sukari da gishiri da sauran sinadarai zuwa ƙasar da ke ƙarƙashinta, inda iri ke kwance.

Tasirin da tsiro ke yi wa maƙwabcinsa ta hanyar sinadari shi masana ke kira alelofati, sunan da Hans Molisch, masanin tsirrai ɗan Ostiriya, ya raɗa a 1937. Manomi bai san sunan ba, amma ya daɗe yana lura da yadda gindin bishiyar turare ke zama fayau.

Misalin da ya fi ƙarfi ya fito ne daga Japan, kuma ya shafi shinkafa. A 1973 masu bincike a can suka ware wani sinadari daga ɓuntun shinkafa mai danne tsirowa, suka sa masa suna momilakton, domin momi a harshensu na nufin shinkafar da ke cikin ɓuntunta. Shekaru da yawa ana ɗaukar sa kayan shinkafa ne kawai. A 2007 sai aka same shi a jikin wata gansakuka mai suna Hypnum plumaeforme, wadda ke shimfiɗa darduma mai faɗi a gabashin Asiya, inda ba kasafai wani tsiro ke kutsawa ba. An nuna cewa ba ajiye shi kawai take yi a jikinta ba, tana sakin sa zuwa inda take zaune, kuma yawansa yana ƙaruwa idan ta shiga matsi, kamar haske mai ƙuna ko wasu ƙarafa a ruwa. Abin da ya fi taɓawa shi ne saiwar sabon tsiro: irin zai fashe, amma saiwar ta taƙure, ta kasa nutsewa ta kai ga danshi. A 2020 aka gano jerin ƙwayoyin gadon da gansakukar ke ƙera shi da su, aka ga cewa ita da shinkafa kowace ta samo wannan makami ne ta hanyarta. Wata gansakukar ta Japan, Rhynchostegium pallidifolium, ita ma an ware wani sinadari dabam daga jikinta mai danne saiwa da toho.

Hanya ta biyu ita ce tsami, kuma gwanar wannan ita ce Sphagnum, gansakukar dausayin ƙasashen sanyi irin su Kanada, Finlan, Rasha da Ailan. Bangon ƙwayoyin jikinta yana kama kalsiyam da magnesiyam da ke cikin ruwa, ya saki haidirojin a madadinsu. Sakamakon shi ne ruwan dausayin yana sauka zuwa pH 4 ko ƙasa da haka (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramin adadi na nufin tsami mai yawa), ga shi an kwashe ɗan abincin da ke ciki. Tana kuma riƙe ruwa har ninki 20 na nauyin busasshiyarta, ta yadda iska ba ta shiga ƙasa. Ta ƙara da wasu sinadarai masu hana ruɓa. Wannan ne ya sa aka tono gawar wani mutum a dausayin Tollund na ƙasar Denmak a 1950 fuskarsa ba ta lalace ba bayan fiye da shekara 2,000, kuma shi ya sa aka yi amfani da busasshiyar Sphagnum wajen ɗaure raunukan sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Itacen da ya tsiro a irin wannan wuri yakan shekara da yawa bai wuce tsayin mutum ba. To a nan wa za a kama da laifi, tsamin, ko yunwa, ko rashin iska, ko gubar? Duka huɗun suna aiki tare, kuma gansakukar ce ta haddasa su.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ruɓaɓɓiyar Sphagnum ce ake shigo da ita a buhu ana kira fitmos, masu gidajen renon tumatir da tattasai na zamani suna cika tire da ita. Wadda aka haɗa don shuka an riga an gyara tsaminta. Wadda ba a gyara ba tana tsakanin pH 3.5 da 4.5, kuma idan aka zuba iri a cikinta haka, tsiron zai fito ganyensa rawaya, saiwarsa gajera mai launin ƙasa. Gyaranta shi ne garin farar ƙasa ta noma, wajen kilo 3 zuwa 5 a kowace kubik mita ɗaya, wato lita dubu, ta fitmos, a gauraya sosai, a jiƙa, a bar shi mako ɗaya zuwa biyu, sannan a auna. Ana neman pH 5.5 zuwa 6.5. Kada kuma a bar ta ta bushe ƙurmus, domin idan ta bushe ruwa zamewa yake ta gefen tire, tsakiya na nan a bushe.

Darasin da ya fi amfani gare mu, a ganinmu, yana dazukan arewacin Suwidin. A can wata gansakuka mai suna Pleurozium schreberi tana rufe ƙasan dajin fayin, wata bishiya mai ganye kamar allura, kuma an daɗe ana lura cewa 'ya'yan fayin ba sa yawa a cikinta. A wani bincike da aka wallafa a 1995, an jiƙa ta a ruwa aka zuba wa irin fayin a ɗakin gwaji, tsirowa ta ragu. Amma irin da ya riga ya fashe, ruwan bai hana saiwarsa tsawo ba. Masu binciken ba su ɗora wa sinadari laifin shi kaɗai ba, sun haɗa da matsalar danshi da ta abinci. Irin da ya faɗa kan darduma mai kaurin santimita biyar ko fiye yana rataye ne a sama, yau jiƙe gobe bushe, ɗan saiwarsa ya mutu kafin ya taɓa ƙasa. Gansakukar kuma ita ke fara tare duk abincin da ruwan sama ya kawo, ta riƙe shi. Ga wani abin kuma: a dazukan nan akwai wani ɗan tsiro mai rarrafe, Empetrum, wanda gubar ganyensa ta fi ta gansakuka ƙarfi, kuma an nuna cewa gawayin da gobarar daji ta bari yana tsotse irin wannan guba. Wanda ya ga fayin ya ƙi fitowa a wurin ya nuna gansakuka da yatsa, zai iya yiwuwa ya bar mai laifin a gefe. Ita wannan Pleurozium ɗin dai, an gano a 2002 cewa wasu ƙananan halittu da ke zaune a ganyenta suna kamo naitirojin daga iska, kusan kilo 1.5 zuwa 2 a kowace hekta a shekara, abin da dajin ke dogaro da shi. Mai hanawa ce ta wani gefe, mai bayarwa ta wani.

Akwai ma inda sinadarin gansakuka ke ta da iri maimakon danne shi, kuma wannan zai ja hankalin duk manomin dawa da gero. Irin ƙuduji yakan kwanta a ƙasa shekaru ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari daga saiwar amfanin gona. An fara ware irin wannan sinadari, wato sitirigol, daga saiwar auduga a 1966, kuma shi ne dalilin da ya sa auduga da waken soya ke rage ƙuduji a gona: suna yaudarar irin ya tsiro, ya rasa inda zai maƙale, ya mutu. A 2011 masu bincike a Faransa suka nuna cewa gansakukar Physcomitrella patens tana fitar da dangin wannan sinadari, tana amfani da shi wajen sanin iyakarta da maƙwabciyarta. Wadda aka cire wa ikon ƙera shi sai ta yi ta yaɗuwa ba ta tsayawa. An kuma ga ruwan da take fitarwa yana ta da irin wani tsiro mai maƙalewa a saiwa, ɗan'uwan ƙuduji. Kada kowa ya ɗauka daga nan cewa gansakuka maganin ƙuduji ce. Abin da ake gani a farantin gwaji da abin da zai yi aiki a hekta guda ta jigawa, akwai tafiya mai nisa a tsakaninsu.

Wannan tazarar ce ta sa muke son yin magana da ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin noma, domin irin wannan gwaji yana cikin ayyukan kammala karatu da aka fi yi, da ganyen turare ko darbejiya, kuma kusan kullum sakamakon ɗaya ne: ruwan ganye ya hana tsirowa. Kowane ganye ka niƙa ka jiƙa da kauri zai hana iri tsirowa, har da na alayyafo, saboda gishiri da sukarin da ke ciki suna hana ƙwayar iri shan ruwa. Wannan ba hujjar guba ba ce.

Ga yadda ya kamata a yi da gansakuka. A ɗebo nau'i ɗaya tsantsa, a tsince ƙasa da ɓawon itace da ganyen da suka maƙale, a shanya a inuwa. Kada a niƙa, kada a tafasa, domin ruwan sama ba ya yin ko ɗaya daga cikinsu, kuma niƙa tana fito da abin da ba zai taɓa fita a fili ba. A jiƙa giram 10 a cikin mililita 100 na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, na awa 24 a wuri mai sanyi, a tace da takardar tacewa. Daga wannan a sirka rabi, da rubu'i, da ɗaya bisa takwas. Wanda ya fi wannan kusa da gaskiya shi ne a shimfiɗa gansakukar da ranta a kan rariya, a yayyafa mata ruwa gwargwadon ruwan sama guda, a tari abin da ya ɗigo. A kowane faranti mai murfi a sa takardar tacewa, iri 25, ruwan gwaji mililita 5, kowane kauri faranti huɗu aƙalla. A ƙirga tsirowa kullum har kwana bakwai, ranar ƙarshe a auna tsawon saiwa da na toho da rula. Awon saiwar ya fi ƙirgen muhimmanci, domin sau da yawa iri 25 duk za su fashe amma saiwarsu rabin ta sauran.

Ainihin aikin yana farantan kwatanci, wato waɗanda ba a zuba wa ruwan gansakuka ba, kuma nan aka fi sakaci. Tataccen ruwa kaɗai bai isa ba. Sai an auna pH na ruwan gansakukar an haɗa wani ruwan mai tsami daidai da shi, sannan an auna gishirinsa an haɗa wani mai kauri ɗaya da shi. Idan waɗannan biyun sun danne irin kamar yadda ruwan gansakukar ya yi, to babu maganar guba, tsami ne ko gishiri. A kula da fumfuna: faranti mai sukari a zafin ɗakunanmu yakan yi fari cikin kwana uku, kuma fumfunar kanta tana kashe saiwa, saboda haka a wanke irin da ruwan bilic mai rauni na 'yan mintoci a ɗauraye shi sau uku kafin a jera. A kula da zaɓen iri. Ana son latas saboda saurinsa, amma kusan komai yana taɓa shi. Gara a haɗa da abin da muke shukawa, gero, tumatir, zogale. Idan za a sa gawo ko bagaruwa sai an fara karce ɓawon irin ko an jiƙa shi a ruwan zafi, in ba haka ba taurin ɓawon ne zai hana shi fitowa a rubuta wa gansakuka. Idan kuma aka ga ruwan da aka sirka sosai ya sa saiwa ta fi ta kwatanci tsawo, kada a goge adadin a ce kuskure ne. Abu ne sananne cewa sinadarin da ke dannewa da yawa yakan zaburar idan ya yi kaɗan.

Daga faranti sai tukunya, domin ƙasa tana sauya komai. Yumɓu da ruɓaɓɓen taki suna kama sinadarin, ƙananan halittun ƙasa suna cinye shi, wani lokaci cikin kwanaki. A jera tukwane kashi huɗu: ƙasa tsirara, ƙasa da gansakuka mai rai, ƙasa da gansakuka da aka gauraya wa garin gawayin nan na musamman mai tsotse sinadari kimanin mililita 20 a kowace lita ta ƙasa, sai ƙasa da aka rufe da soson roba mai kauri ɗaya da gansakukar. Soson yana tare haske yana riƙe ruwa kamar ita, amma ba ya fitar da komai. Idan soso ya hana tsirowa daidai da gansakuka, matsalar ta shimfiɗa ce. Idan gawayi ya ceto irin, akwai alamar sinadari, ko da yake gawayin kansa yana taɓa abincin ƙasa, don haka sai an ƙara tukunyar gawayi ba gansakuka a gefe.

Mu koma ga mai ledoji dubu biyar a ƙarƙashin rumfa, wanda ba shi da faranti ko ma'auni. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gansakuka ba ta kama leda banza. Ganin ta shaida ce cewa saman ƙasar ba ya bushewa, inuwa ta yi yawa, ko an barbaɗa taki a sama. Waɗannan ukun su ne kuma abin da cutar ruɓewar gindin tsiro ke so. Ka tsuguna ka duba tsiron da ya faɗi: idan gindinsa daidai bakin ƙasa ya sirance ya yi ruwa-ruwa kamar an matse shi da zare, wannan cuta ce, gansakuka maƙwabciya ce kawai. Idan ka tona ka sami irin ya kumbura ya ruɓe yana wari, ruwa ne ya shaƙe shi, ka duba ko ramukan gindin ledar sun toshe. Idan kuma ka zuba ruwa ka ga yana gangarewa ta gefe, ka ɓamɓare koren ka tarar da ƙasa a bushe a ƙarƙashi, to ɓawon da ya yi ne ke hana ruwa shiga, ƙananan iri irin na turare kuwa ba sa iya huda shi.

Maganin yana hannun mai ban ruwa. A yi ban ruwa da safe kawai, a bari saman ƙasa ya sha iska kafin a ƙara. A rage zanar rumfa da zarar tsiro ya yi ganye na gaskiya, a buɗe tsakanin layukan leda. Taki a gauraya shi cikin ƙasa lokacin cika leda. Bayan tsiro ya miƙe, a rufe saman ledar da yashi mai tsakuwa ko ɓuntun shinkafa, kaurin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, domin yana bushewa da wuri, ƙurar gansakuka ba ta samun wurin kamawa. Ɓuntun shinkafar da aka turara ya fi, saboda ba ya zuwa da irin ciyawa mai rai. Ɗanyen ɓuntu kuwa, a tuna daga cikinsa aka fara samo momilakton, saboda haka kada a rufe irin da bai fito ba da shi. Masu fesa ruwan tsami na kwalba ko bilic a kan leda su daina, yana ƙona gansakukar ya ƙona tsiron tare, kuma bayan mako biyu ta dawo tunda laimar na nan. Tsofaffin ledoji da tire a wanke su a shanya a rana kafin a sake cikawa.

Ƙorafinmu na ƙarshe ga sassan nazarin tsirrai na jami'o'inmu ne. Kusan duk abin da muka kawo a sama an gano shi ne a ƙasashen sanyi, a kan nau'o'in da ba su ne ke jikin katangunmu ba. Gansakukarmu tana kwana wata shida ko bakwai a bushe, ruwan farko ya farfaɗo da ita a daidai makon da irin ciyawa da na itatuwa ke tsirowa, wato lokacin da yoyon jikinta ya fi yawa ya haɗu da lokacin da iri ya fi rauni. Ga shi jigawarmu ba ta da yumɓu da taki mai yawa da za su kama sinadari, ko da yake zafi yana hanzarta lalacewarsa. A fara da tarar ɗigon ruwan farko daga gansakukar duwatsun Jos da Mambila da ta gindin mangwaro, a gwada shi a kan gero da zogale da gawo, da farantan kwatanci cikakku, a buga sakamakon ko da ya nuna babu wani tasiri.

Wassalam.

Daga wasu malaman gandun daji da renon dashe